Kasafin Kuɗin Kamaru: Ya Kamata Majalisa Ta Nemi Kwana 15 da Doka Ta Ba Ta

Dokar 11 ga Yuli 2018, wadda ta tsara yadda ake sarrafa dukiyar gwamnatin Kamaru, ta ce a miƙa wa majalisa daftarin kasafin kuɗi, tare da duk takardun da ke bayaninsa, aƙalla kwana 15 kafin a buɗe zaman kasafi. Zaman nan a watan Nuwamba ake buɗe shi, saboda haka ya kamata daftarin ya shiga hannun 'yan majalisa tun ƙarshen Oktoba. Abin da aka saba gani daban ne. Daftarin kasafin 2024, mai biliyan 6,740 na sefa, sai a ƙarshen Nuwamba 2023 ya iso. Na 2025, mai biliyan 7,317, sai da Disamba ya kama. Tunda tsarin mulki bai yarda zaman majalisa ya wuce kwana 30 ba, abin da ya rage wa Majalisar Dokoki da Majalisar Dattawa, su biyun, bai fi kwana goma ba. Ni a ganina wannan jinkiri shi ne babbar cutar da ke damun muhawarar kasafi a ƙasar nan, ya fi ƙarancin 'yan adawa illa, kuma 'yan majalisa suna da ikon magance shi ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na tsarin mulki ba.

Sai an san yadda majalisar take aiki kafin a gane nauyin kwana goman nan. Tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya ba ta zama uku a shekara, a Maris da Yuni da Nuwamba. Na Maris yakan tafi a zaɓen shugabanni, inda ɗan majalisar da ya fi kowa shekaru ke riƙe kujera har a kammala zaɓen. A kewayen Yuni ake tattaunawar share fage kan alƙiblar kasafin baɗi, wadda dokar 2018 ta kawo, amma ba a kaɗa ƙuri'a a kanta. Taron shugabannin majalisa da na kwamitoci shi ke tsara jadawalin kowace rana, kuma ƙudurorin gwamnati su ke shiga gaba. An ware zama ɗaya a mako domin yi wa ministoci tambayoyi. Idan daftarin kasafi ya iso, firaminista ya karanta shirin gwamnatinsa a zaure, sai aikin ya koma Kwamitin Kuɗi da Kasafi, ɗaya daga kwamitoci tara na majalisar. A gaban wannan kwamiti ne ministoci fiye da talatin ke bin layi, kowa ya kare kasonsa, wasu da rana, wasu cikin tsakar dare, domin kwanakin ba za su isa ba in an tashi da magariba. Daga nan a koma zaure a amince, a tura wa dattawa ɗari, waɗanda shugaban ƙasa ke naɗa talatin daga cikinsu, su ma su amince kafin a rufe zama. Kowane tela a unguwar Briqueterie ta Yawunde ya san irin ɗinkin da ke fitowa idan aka kawo masa yadi a jajibirin sallah: rigar za ta fito, amma babu lokacin gwaji, balle gyara.

Mazaunin Briqueterie na iya cewa wannan magana ce ta manya, can Ngoa-Ekelle inda Majalisar Dokoki take, ko bisa tsaunin Palais des Congrès inda dattawa ke zama. Amma dokar kasafi ba jerin kuɗin ma'aikatu kawai ba ce. Sashenta na farko shi ke sauya dokar haraji da ta kwastan, kuma nan ne take shiga aljihun mai tireda da mai tsire da mai sayar da shadda. Harajin kashi 0.2 cikin ɗari da ake cira idan an aika kuɗi ta waya ko an cire su, dokar kasafin 2022 ce ta kawo shi. Kan sarkin da ake liƙa wa takardun hukuma ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500 ta dokar kasafin 2023, kuma duk uban da ya haɗa wa ɗansa takardun jarrabawa ko na katin ɗan ƙasa ya san guda nawa ake saye. Unguwa irin wannan, da kusan kowane gida ke aika kuɗi Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ake kuma sayo kaya daga Duwala da Kano ana biya ta waya, tana biyan irin wannan haraji sau da yawa fiye da ma'aikacin da albashinsa ke faɗawa banki sau ɗaya a wata. Ba cewa nake harajin haramun ne ba. Gwamnati sai da kuɗin shiga, kuma sefa 20 a kan 10,000 ba ta karya kowa a rana ɗaya. Tambayar ita ce wa ya zauna ya auna a kan wa nauyin zai fi sauka, kuma yaushe aka ba masu biya damar su ji labari kafin a zartar.

Harajin wayar salula ya nuna cewa ita kanta gwamnati tana asara da wannan gaggawa. Dokar kasafin 2019 ce ta tanadi a riƙa karɓar kuɗin kwastan na wayoyin da aka shigo da su ta hanyar cirewa daga katin mai amfani da wayar. An zartar da ita a ƙarshen 2018 ba tare da yawancin jama'a sun lura ba. Sai a Oktoba 2020, da aka zo aiwatarwa, ƙasa ta ɗauka, matasa suka cika shafukan sada zumunta da ƙorafi, fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin dakatarwa. Duk hujjojin da aka kawo a lokacin, cewa mai saye ne zai biya abin da mai shigo da kaya ya kauce wa, abu ne da mai sayar da waya a kasuwar Mokolo zai iya faɗa wa kwamiti cikin rabin sa'a, da an kira shi.

Akwai masu cewa ko an ba majalisar wata uku sakamakon ɗaya ne. A zaɓen 9 ga Fabrairu 2020 jam'iyyar RDPC mai mulki ta samu kujera 152 cikin 180, UNDP bakwai, SDF da PCRN biyar-biyar, MRC kuwa ta ƙaurace. Cavaye Yeguie Djibril ya hau shugabancin majalisar a 1992 ya shafe fiye da shekara 30 a kai. Kusan duk dokokin da ake zartarwa daga gwamnati suke fitowa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na tsammanin ranar da majalisa irin wannan za ta yi watsi da kasafi dungurungum. Sai dai amfanin muhawarar kasafi bai tsaya ga e ko a'a ba. Ɗan majalisar RDPC daga Mayo-Sava ko Logone-et-Chari yana da mutanen da zai koma wurinsu, kuma in ya samu mako biyu da takardun a hannunsa zai iya gano cewa hanyar da aka yi wa mazaɓarsa alkawari ba ta cikin jerin ayyuka, ya tayar da maganar a cikin jam'iyyarsa tun kafin a shiga zaure. Sashe na 18 na tsarin mulki ya hana ɗan majalisa kawo gyaran da zai rage kuɗin shiga ko ya ƙara kashewa, amma ya bar ƙofa: ana iya ƙara wa wani fanni idan an rage daidai adadin daga wani, ko an samo sabuwar hanyar kuɗi. Irin wannan gyara lissafi yake so, lissafi kuma lokaci yake so. Faransa, wadda aka ɗauko yawancin wannan tsari daga gare ta, tana da irin wannan takunkumi a sashe na 40 na tsarin mulkinta, amma ana miƙa daftarin a farkon Oktoba, majalisunta kuma suna da kwana 70. Mun ɗauko takunkumin, mun bar lokacin.

Wasu kuma na kare gwamnati da cewa jinkirin dole ne, domin sai an daidaita alƙaluma da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda Kamaru ta shiga shirinsa a 2017 ta sake shiga a 2021, sai an ga inda farashin mai ya dosa, sai fadar shugaban ƙasa ta yi nata yankan. Wannan uzuri zai karɓu a shekara ɗaya mai rikici. Abin da ke maimaituwa kusan kowace shekara ya zama al'ada, kuma gwamnatin da ta rubuta kwana 15 a dokar 2018 ta san da Asusun lokacin da take rubutawa. Tsoron kada a shiga Janairu babu kasafi shi ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Sashe na 16 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon ci gaba da kasafin bara, kashi ɗaya cikin 12 kowane wata, har a zartar da sabo, kuma ana iya kiran zama na musamman. Albashi ba zai tsaya ba, asibiti ba zai rufe ba. Majalisar da ta ce ba za ta duba daftarin da ya makara ba sai an ba ta cikakken lokacinta, doka take bi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Najeriya. A can majalisa tana da haƙora, tana riƙe kasafi watanni, tana sauya alƙaluma, kuma abin da ya biyo baya shi ne zargin cushe: ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin ya tayar da shi a 2016, Sanata Abdul Ningi ya sake tayarwa a Maris 2024 har aka dakatar da shi. Mai wannan hujja zai ce gara majalisar da ba ta taɓa komai da wadda ke cusa ayyukan bogi. Ban raina wannan tsoro ba. Amma a lura cewa 'yan Najeriya sun san da cushen ne domin takardun sun daɗe a fili har 'yan jarida da ƙungiyoyi suka bi su layi-layi. Sashe na 18 ya riga ya toshe wa ɗan majalisar Kamaru hanyar kumbura kasafi. Abin da ake nema a nan lokacin karatu ne da buɗe ƙofa, kuma ɓarna ta fi samun wurin ɓuya a takardar da ba wanda ya karanta.

Matsalar ba ta ƙarewa ranar ƙuri'a. A 2020, da 2022, da 2023, da 2024, an sauya kasafi a tsakiyar shekara ta hanyar dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu, daga baya aka kawo wa majalisa ta albarkace ta. Ta wannan hanya aka zuba biliyan 180 a asusun yaƙi da cutar korona a 2020, kuma a 2021 sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar da rahoton da ya nuna kwangiloli da sayayya masu cike da saɓa ƙa'ida. Alƙalai ne suka bankaɗo wannan, alhali sa ido kan yadda ake kashe kuɗi aikin 'yan majalisa ne tun farko. Ƙarin kuɗin litar fetur daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairu 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairu 2024, sanarwar gwamnati ce ta kawo shi makonni kaɗan bayan an rufe zaman kasafi, duk da cewa rage tallafin mai na cikin manyan shawarwarin kuɗi da ƙasar ta yanke a shekarun nan. Ɗan acaɓa da direban tasi sun cancanci su ji wakilansu sun yi gardama a kai da sunayensu. Idan aka toshe muhawara a zaure, takan ɓulla ta wani wuri: a ƙarshen 2017 'yan SDF sun yi ta waƙa da busa vuvuzela a majalisa domin an ƙi tattauna rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi, aka zartar da kasafin 2018 cikin hayaniya, a Kenya kuwa, ranar 25 ga Yuni 2024, masu zanga-zangar ƙin dokar haraji suka kutsa majalisa, aka rasa rayuka, kafin shugaban ƙasar William Ruto ya janye dokar.

Mu ma masu zaɓe muna da namu kason laifin, domin mun saba auna ɗan majalisa da buhun shinkafar azumi da rijiyar da ya haƙa da ɗan kuɗin ƙananan ayyuka da ake ba shi. Mazaɓar Mfoundi, inda Briqueterie take, tana da kujera bakwai, kuma da yake jerin sunaye ake zaɓa, da wuya mazaunin unguwa ya san wanne ne nasa. To duka bakwai ɗin nasa ne, kuma akwai tambayar da ta fi shinkafa daraja. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ce kason da za a ware wa yankuna da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati, kuma a dokar kasafi ake yanke ainihin adadin kowace shekara. Daga wannan kaso ne ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu za ta samu abin gyara lambatu da lungunan da ruwa ke cikawa da damina, da azuzuwan firamare, da ɗakunan shan magani. Ƙungiyoyin teloli da mahauta da 'yan kasuwa, da kwamitocin masallatai, suna iya rubuta wa waɗannan wakilai tun watan Satumba su nemi abu uku: su tambayi ministan kuɗi a zaman tambayoyi ranar da zai miƙa daftarin, su nemi a wallafa shi a intanet ranar da ya iso, su kuma zo unguwa su bayyana sauye-sauyen haraji da Hausa da Fulatanci da Ewondo kafin ƙuri'a, tunda Faransanci da Ingilishi kaɗai ake yi a zaure. Ma'aikatar kuɗi tana fitar da taƙaitaccen kasafi domin jama'a, amma yana zuwa ne bayan an gama komai. A fitar da irinsa a kan daftarin, a ƙarshen Oktoba.