Gilashi Ko Inuwa?

Jama'a, in an buɗe sabuwar tashar jirgin sama sai ka ji ana ta yaba gilashinta da ƙyalƙyalinta. Ni kuwa a ganina ba nan ya kamata a fara dubawa ba. Abin tambaya shi ne, matafiyin da ya sauka a gajiye da kayansa, ya sami sauƙi ko kuwa?

Ku dubi tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a Jidda, wadda aka buɗe a 1981. Da yawa cikin iyayenmu sun zauna a ƙarƙashinta. Wani kamfanin Amurka ne ya zana ta, babban injiniyan aikin kuwa shi ne Fazlur Rahman Khan, mutumin Bangaladash. Matsalar da suka tarar ita ce, dubban mutane za su sauka cikin 'yan makonni a ƙasa mai tsananin zafi, su daɗe suna jira, sa'an nan wurin ya koma kusan wofi sauran shekara. Da sun rufe shi duka sun cika shi da na'urar sanyaya ɗaki, da kuɗin wuta ya fi ƙarfin kowa.

Sai suka koma ga tantin Larabawa. Suka yi rumfuna 210, kowace mita 45 tsawo mita 45 faɗi, aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen ginshiƙai. Rufin kuwa wani farin yadi ne da aka saƙa da zaren gilashi, yana mai da zafin rana, amma haske yana ratsa shi, don haka da rana ba a bukatar fitila. Gefe a buɗe ya ke, a ƙoƙuwar kowace rumfa kuma akwai kafa, iska mai zafi ta haura ta fita. Ɗakunan duba fasfo da kaya ne aka rufe aka sanyaya. A 1983 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan.

Wani zai ce, ai tashar jirgi ita ce fuskar ƙasa, baƙo da ita ya ke fara cin karo, dole ta yi kwarjini. Gaskiya ne. Kuma ban ce rumfa tana kashe zafi ɗungum ba, wanda ya sauka Jidda da bazara ya san ana gumi. Amma kwarjini ba ya hana tunani. Tashar Daxing ta birnin Bejin, wadda ofishin marigayiya Zaha Hadid ya zana aka buɗe a 2019, tana cikin mafi girma a duniya. Duk da haka an yi ta da rassa da suka fita daga tsakiya kamar yatsu, har ƙofar jirgi mafi nisa ba ta wuce tafiyar kamar minti 8 ba. Watau sun tuna da tsohuwa mai sanda kafin su tuna da mai ɗaukar hoto.

Abin da na ke ƙi shi ne a kwaso akwatin gilashi irin na ƙasashen sanyi a dasa shi a ƙasar rana. Gilashi yana shigar da zafi ya tsare shi. Ran da wuta ta ɗauke, wurin ya zama tanda. Zanen aro ba ya rufe katara.

To, ina ruwan malamin makaranta da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Gobe za a tura ku ƙauyuka, wani cikinku zai zama hedimasta, a zo ana shawarar gina aji. Kun san ajin kwano marar silin, yadda yara ke gyangyaɗi da azahar. Ku sa baki. Ku ce tagogi su dubi kudu da arewa, kuma su fuskanci juna don iska ta ratsa, rufi ya zarce bango ya ba da inuwa, a dasa darbejiya ta yamma. Magina na dā da suka yi mana soraye masu kaurin bango sun san wannan tun kafin a ƙera jirgi.

Wanda ya iya tambayar inda rana ke faɗowa da inda iska ke bi kafin a haƙa harsashi, shi ne ya fahimci darasin Jidda. Allah ya sa mu gane.