Wa Ya Ce Labarin Dabbobi Na Yara Ne?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu marubutanmu, wai duk littafin da aka sa dabbobi suna magana a cikinsa tatsuniya ce, a bar wa yara da kakanninsu. Ni kam ban yarda ba. Wannan raini ne, kuma shi ya sa muka yar da makamin da magabatanmu suka fi iya riƙewa.

A nan Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Wa ya ceci Musa ɗan Sarki Abdurrahman daga makircin waziri? Aku ne, ba shi da takobi ba shi da runduna, sai baki da hankali, har ya zama waziri. Ashe Imam yana gaya wa masu sarauta cewa mulki ba ya tsayawa sai da mai ba da shawara ta gaskiya. Wannan ne wasan yara?

A 1975 Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin George Orwell na 1945 zuwa Hausa, ya kira shi Gandun Dabbobi. Dabbobi suka haɗa kai suka kori Nomau don su sami 'yanci. Ba a daɗe ba Maitumbi ya sa karnuka suka fatattaki Ɗantulu, Aƙawal ya yi ta bauta har ƙarfinsa ya ƙare, aka sayar da shi. Duk wanda ya ga mulkin soja a ƙasar nan ya san waɗannan fuskokin.

Haka a Ingila, a 1972, Richard Adams ya fitar da Watership Down, labarin zomaye da suka gudu daga raminsu suna neman wurin zama. Shugabansu Hazel ba shi ne mafi ƙarfi ba, amma yana sauraron ƙaramin cikinsu, yana ba kowa aikin da ya iya. Da haka suka rinjayi Janar Woundwort mai mulkin danniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mu fa? Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da kura da dila da zaki, kowane Bahaushe ya san halinsu tun yana goye. Ba na ƙin labarin soyayya, yana da muhallinsa. Amma marubucin da ke tsoron kiran sunan azzalumi, ya ɗora wa kura rawani mana, mai karatu zai gane.

Saboda haka ina kira ga 'yan ƙungiya, musamman masu tasowa: a rubuta mana cikakken littafin dabbobi, ƙagagge daga dajinmu, wanda zai tambayi shugabanni inda suka kai amanar jama'a. Wanda bai gamsu ba, fili a buɗe yake, ya mayar da martani.

Allah ya sa mu dace, amin.

Daga Gyallesu, Zariya