Filin Direbobi: Mariƙin Kyamara a Tagar Mota

Rani ya kama, lokacin da giwaye da mariya ke taruwa bakin ruwa a gandun dajin Mole, kusa da Larabanga. Yawancinmu direbobin zango mun san hanyar nan daga Tamale zuwa Damongo, domin mu ke kai baƙi, kuma yaranmu masu ɗaukar hoto sun fara bi.

Matsalar ita ce hannun mutum ba ya tsayawa cik. Madubin hangen nesa na jawo abu kusa sau 20 har zuwa 60, kuma haka yake ninka rawar hannu. Shi ya sa ake bukatar abin da zai tallafe shi a kan taga. Iri biyu ne.

Na farko shi ne mariƙin ƙarfe mai cizon gilashi. Idan za mu saya, mu duba abu uku. Bakinsa ya kasance da roba ciki da waje, domin gilashin gefe ba ya tsagewa kamar na gaba, rugujewa yake yi gaba ɗaya, kuma gefensa ne ya fi rauni. Sannan mu karanta nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka, mu auna kyamarar tare da dogon gilashinta, kada mu kai shi maƙura. Na uku, sukurun da ke samansa. Yawancin kyamarori na karɓar mai kaurin kwata na inci, wasu manyan kawuna kuma 3/8. A tafi kanti da kyamarar a gwada. Araha ba ta ado.

Na biyu shi ne jakar wake. Telan unguwa zai ɗinka ta da yadi mai kauri, a sa zif, a zuba wake ko shinkafa kamar kilo 2, a sauke gilashi duka a ɗora ta kan ƙofa. Tana ɗaukar nauyin da mariƙi ba zai iya ba, ba ta fasa komai, sai dai ba a sakin kyamara a kanta. Mai kallon tsuntsu na tsawon lokaci ya fi bukatar mariƙi, mai ɗaukar hoto da sauri jaka ta ishe shi.

Ko wanne muka zaɓa, a kashe inji kafin a duba, fasinjoji su daina motsi. A sauke gilashi ya rage kaɗan a waje kafin a ɗaura mariƙi, a kulle maɓallin taga, igiyar kyamara kuma tana wuya. Kada a ja mota a hanya mai gargada da kaya a maƙale. Kyamarar baƙo ɗaya na iya fin kuɗin jigilar wata guda, kuma in ta faɗi, direba za a kalla.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.