Kafin a Biya Ko Sisi, a Tambayi Kotu

Kotuna kan nemi ma'aikacin gwamnati ya tsaya wa wanda ake tuhuma beli, shi ya sa malamai da dama suka taɓa sa hannu a irin wannan takarda. Idan wanda aka tsaya wa ya ƙi bayyana, alƙali na iya ba da izinin kamo shi, ya kuma aika wa mai tsayawar sammaci. Da wannan fargaba 'yan damfara ke cin kasuwarsu: su bugo waya, su ce an fitar da takardar kamu da sunan malam, su nemi kuɗin kashe magana.

Muna kira ga 'yan uwa kada su biya. Takardar izinin kamu alƙali ko majistare ke sa mata hannu, tana ɗauke da sunan wanda ake nema da laifin da ake zarginsa da shi, kuma tushenta na cikin fayil ɗin ƙara. Wanda aka ce ana nemansa ya tambayi sunan kotun da lambar ƙarar, sannan lauya ya je ofishin magatakardar kotun ya duba.

In takardar gaskiya ce, guje mata ƙara dagula lamari yake yi. A je kotu tare da lauya, a kuma sanar da sakataren reshe. Iyalanmu su sani cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama mata, ɗa ko ɗan uwa a madadin wanda ake zargi.