Tsadar Man Fetur da Makomar Ƙananan Kasuwannin Ƙasar Hausa

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500. Cikin watan Yuni aka saki darajar naira ga kasuwa, kuma zuwa Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja.

Wanda nauyin ya fara sauka a kansa shi ne direba. Mai tuƙa A Daidaita Sahu a Kano yakan fito da bashi biyu a wuyansa: kuɗin mai da balas ɗin mai babur. Idan ya ƙara kuɗin hawa, fasinja ya gwammace ya taka da ƙafa. Idan bai ƙara ba, ya koma gida ba kuɗin cefane. Haka abin yake ga direban motar haya, wanda yanzu yakan daɗe a tasha yana jiran lodi.

Daga nan cutar ke yaɗuwa. Kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako sun dogara ne ga ƙananan motoci da babura, don haka kowane buhun gero kan iso Dawanau da ƙarin kuɗin dako. Manomin rani a Kura da Kadawa da fetur yake tayar da injin ban-ruwa, kamar yadda tela da mai aski ke kunna janareta da shi idan aka ɗauke wuta.

Masu goyon bayan janye tallafin suna da hujja. Tsarin ya ci dukiya mai yawa, kuma wani kaso na man yana sulalewa ta kan iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru. Sai dai hujjar ba ta cika sai talaka ya ga inda rarar ta shiga. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Wajibi ne gwamnoni su bayyana abin da suka kashe a kan sufurin jama'a da hanyoyin karkara. Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas kuwa ba zai yi wa Arewa rana ba sai bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ya wadata tashoshinta da gas.

Manazarta Hausa ma akwai aiki a gabansu. Kalmomi irin su bumburutu da balas da kamasho, da zantukan tasha da rubuce-rubucen jikin motoci, taska ce ta tarihin wannan zamani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata a je tasha a naɗi bayanin direbobi da bakinsu, a ajiye shi, a kuma miƙa wa masu tsara manufofin ƙasa.