Zauren Iyali: Fita Yawo da Kaka da Jika

Duk sa'ad da hutun makaranta ya gabato, tambayar da ta fi yawa ita ce: ina za mu kai yara? Wannan karon wani magidanci ya ƙara da cewa mahaifiyarsa tana tare da su, ga ciwon gwiwa, ga jikoki sun kafe ba su zuwa ko'ina sai da ita. To, a bar ta a gida ne, ko a fasa? Amsata ita ce kada a bar ta, kada kuma a fasa. A dai auna tafiyar da ƙafar tsohuwa da ta ƙaramin yaro. A ƙasar Sudan na koyi wannan darasi.

A watan Disamba na 2017 na kai iyalina ziyara Omdurman wurin dangin mahaifina, zuriyar mutanen nan da suka bi hanyar Makka a ƙasa, suka yada zango a bakin kogin Nilu har zango ya zama gida. Mu goma sha ɗaya muka ƙudurta fita: baffana da Hajiyarsa, manya huɗu, da yara biyar, ƙaraminsu ɗan shekara biyu. Da yake zumuɗin baƙunta na ɗibata, sai na cika takarda: ranar Alhamis da safe gidan Halifa Abdullahi da ƙubbar Mahadi, da rana kasuwa, da yamma wurin wasan yara na Mugran, kashegari kuma mu zarce dalolin Bajrawiyya, tafiyar kimanin kilomita 200.

Hajiya ta saurara har na ƙare, sa'an nan ta ce, "Ɗana, a ina zan zauna? A ina zan yi alwala? Kuma da ƙarfe nawa Malam zai ci abinci?" Baffa yana da ciwon sukari, ni kuwa ban sa wannan a lissafi ba. Tambayoyin nan uku suka rage takardata zuwa abu biyu kacal: yamma guda a Mugran, dare guda a Sabaloka.

Mugran shi ne wurin da Farin Nilu, mai tasowa daga yankin tafkin Biktoriya, yake haɗuwa da Shuɗin Nilu mai gangarowa daga tafkin Tana na Habasha, daura da tsibirin Tuti. A nan aka yi lambun shaƙatawa na iyali, mai lilo iri-iri. Mun shiga bayan La'asar, rana ta yi sanyi. Kafin a sayi tikitin ko lilo ɗaya, sai da muka nemi inuwa kusa da wurin alwala, muka shimfiɗa tabarma, muka kafa wa Hajiya kujerar da muka zo da ita daga gida. Wannan tabarma ita ce ta zama cibiya: duk yaron da ya sauko daga lilo nan zai dawo ya ba da labari, wanda ya ɓace kuma nan aka ce ya nufa. Kowane yaro aka ɗora amanarsa a wuyan babba ɗaya, aka ambaci suna, domin yaron da aka ce kowa na kallonsa shi ne wanda babu mai kallonsa. Aka kuma faɗa wa yara tun daga gida cewa hawa uku-uku ne, saboda haka ba a yi kukan kuɗi a bakin lilo ba. Da aka kira Magariba muka yi salla, muka ci agashe, wanda Hausawa suka kai ƙasar har ya zama na kowa, muka koma gida da sauran ƙarfi.

Sabaloka kuwa tana arewa da Khartum da kimanin kilomita 80, inda Nilu ke kutsawa tsakanin duwatsu. Mun tashi bayan sallar Juma'a, muka ƙetare gadar Shambat zuwa Bahri, muka ɗauki hanyar Shandi. A lokacin mutanen ƙauyen suna ba da hayar rumfa, wadda suke kira rakuba, da gadon igiya, angareb. Ga abin da ya kamata mai niyyar kwana a fili ya lura da shi. Tsoho ba ya kwana a ƙasa. A nema masa gado, gwiwa da baya su huta, ya kuma yi nesa da kunama. A zazzage takalma da safe kafin a sa. Maganin tsofaffi ya zauna a jakar hannu, tare da dabino ko ɗan sukari saboda mai ciwon sukari, abinci kuma a ci shi a kan lokacin da aka saba a gida. Ruwan sha a ɗebo fiye da yadda ake tsammani, a haɗa da gishirin zawo na yara, da gidan sauro, da tocila. Bakin ruwa kuwa a shata wa yara iyaka da sanda a kan yashi, domin ruwan da yake kwance a ido yana da ja a ƙasa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake irin wannan fita a can, domin a watan Mayu zafi yakan haura digiri 40, daga nan kuma guguwar ƙura da suke kira habub ta biyo baya. Sai dai ni na tuna da zafi na manta da sanyi. Bargo uku kawai na ɗauko, dare ya raba iskar kogi ta taso, muka lulluɓe tsofaffi da yara, mu manya muka kwana a bakin wuta.

Amma a bakin wutar nan, tun da farkon dare, aka sami ribar tafiyar. Hajiya ta jawo ɗana, tana ce masa, "Zo nan maigida, ka ji yadda kakanninka suka zo ƙasar nan." Baffa ya karɓe, ya ba su labarin Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi na 1903, da yadda ɗansa Mai Wurno ya kai jama'a bakin Shuɗin Nilu, aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Ɗana ya manta launin lilon da ya hau, amma har yau yana maimaita labarin nan.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Gadar Shambat da muka bi ta karye a watan Nuwamba na wannan shekara, dangi suka watse, Baffa kuma ya rasu a gudun hijira, Allah Ya jiƙansa. Sojoji sun sake karɓe birnin a Maris na 2025, mutane sun fara komawa, sai dai 'yan'uwa da ke can su kiyaye: kada a saki yara a filayen da aka yi faɗa, sai masu aikin kwance bama-bamai sun tabbatar da lafiyarsu.

Mu kuwa da Allah Ya bar mu cikin gidajenmu, ba sai mun je nesa ba. Ga tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi, ga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ga madatsar Tiga a jihar Kano. A zauna da tsofaffin gida tun kafin a tsai da rana, a ji tambayoyinsu uku, a rage buri, a tafi da su tun suna iya tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu. Sai fitowa ta gaba, idan Allah Ya kai rai. Wassalam.