SHARHI: Yawon tsibirai a gaɓar tekun Najeriya: Wa ke da alhakin ran fasinja?

Duk wanda ya daɗe yana aiki a Sakatariyar Tarayya ya san yadda hira ke sauyawa da zarar Disamba ta ƙarato. Masu hali su fara maganar hutu, kuma a shekarun nan sunan Zanzibar ne ke yawan fitowa. A kan dawo da hotunan ƙaramin jirgin ruwa da ya ɗauki iyali daga tsohon garin zuwa tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, daga nan zuwa wani tudun farin yashi a tsakiyar teku, a ci gasasshen kifi, a koma masauki kafin magariba. Kuɗin da aka kashe dala ne, kuma a Tanzaniya suka zauna.

Abin tambaya shi ne dalilin da ya hana ƙasar da ke da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853 sayar wa 'ya'yanta irin wannan yini guda. Batun ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye, domin rabin amsar tana cikin fayilolin da ke yawo tsakanin ma'aikatu biyu a nan Abuja.

Tsibiran dai akwai su. A Legas kaɗai, daga mashigar Ikoyi ko Victoria Island mutum zai iya isa Tarkwa Bay, wadda ba a zuwanta sai ta ruwa, ya wuce Ilashe da Ibeshe inda attajirai suka jera gidajen shaƙatawa tsakanin rafi da teku, sannan ya miƙa yamma har Badagry. A can ake tsallakawa da kwale-kwale zuwa Gberefu, inda ake nuna wa baƙi hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa bakin teku. Wannan wuri ba tarihin Yarabawa da Egun kaɗai ya ƙunsa ba. Hausawa da dama da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka rutsa da su ta tashoshin wannan yanki aka fitar da su zuwa Bahia ta Brazil, inda suka yi suna wajen tawaye. Kuma a Badagry ne Bature Hugh Clapperton ya sauka a 1825 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tafiyar da bai dawo daga ita ba, don a ƙasar Sakkwato ya mutu a 1827. Ɗan Kano ko ɗan Sakkwato da ya je Gberefu ba baƙo ba ne ga labarin, ko da yake da wuya mai yi masa jagora ya gaya masa haka. A gabas kuma akwai tsibirin Bonny da gandun dajin Finima, da Opobo ta Sarki Jaja, da hanyar ruwa daga Kalaba zuwa Creek Town.

Gwamnati ma ba a ce ba ta lura ba. A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, ya damƙa ta ga tsohon gwamnan Osun, Adegboyega Oyetola. A lokaci guda ya ware wa yawon buɗe ido ma'aikatarsa, sai dai ba ta yi nisan kwana ba, domin a Oktoban 2024 an haɗe ta da ta al'adu da fasaha a ƙarƙashin Hannatu Musawa. Ke nan ɗaya ma'aikatar na riƙe da ruwan da jirgin, ɗayar na riƙe da tallar da baƙon.

Nan ne matsalar ta fara, kuma kotu ta ƙara mata sarƙaƙiya ba tare da niyya ba. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa rajista da sa ido kan otal-otal da wuraren shaƙatawa hurumin jihohi ne, ba na Tarayya ba. Bayan shekara goma da 'yan kai, a Janairun 2024, kotun ta kawo ƙarshen doguwar shari'ar da ke tsakanin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, da Gwamnatin Legas, ta ce bayar da lasisi da karɓar haraji a hanyoyin ruwan da jirage ke bi na Tarayya ne, ta soke hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2017 da ya ba Legas nasara. Kowane hukunci yana da hujjarsa a tsarin mulki. Amma idan aka haɗa su a kan tafiya guda, ga abin da ke fitowa: mai yawon buɗe ido zai hau jirgi a mashigar da jiha ta gina, ya bi ruwan da Tarayya ke mulki, ya ratsa ta gefen tashar jiragen ruwa da wuraren da sojojin ruwa ke gadi, ya sauka a gidan shaƙatawar da jiha ke yi wa rajista. Idan ya koma gida lafiya, kowa ya karɓi nasa kaso. Idan jirgi ya kife, sai a fara neman wanda ya kamata ya ƙirga fasinjoji tun a mashiga.

NIWA, wadda aka kafa da doka a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ita ce ta yi nasara a shari'ar. Sai dai hukumar ruwa ta Legas, LASWA, wadda jihar ta kafa a 2008, ita ce ke da mafi yawan jami'ai da mashigai a jihar. Mai iko daban, mai hannu a ƙasa daban. A ganina wannan ba abin da wata sabuwar shari'a za ta warware ba ne. Rubutacciyar yarjejeniya ce ake buƙata, wadda za ta fayyace wa ke tsayawa a kowace mashiga, wa ke riƙe da kundin sunayen fasinjoji, wa ke da ikon cewa jirgi ba zai tashi ba, da yadda za a raba kuɗin shiga ta yadda mai jirgi ba zai biya haraji biyu a kan tafiya ɗaya ba. Irin wannan takarda daraktoci da mataimaka na musamman ne ke rubuta ta, ba alƙalai ba.

Akwai wanda zai ce wannan damuwar 'yan gayu ce, kuma me ya haɗa talakan Arewa da jirgin shaƙatawa a Ilashe. Abin da ya haɗa su doka ɗaya ce da hukuma ɗaya. A watan Yulin 2022, ana jajibirin Babbar Sallah, wani jirgi ya tashi da dare daga Mile 2 zuwa Ibeshe ya kife, fiye da mutum 15 suka rasu, akasarinsu 'yan gida ɗaya. Ruwan da suka nitse a cikinsa shi ne wanda jiragen masu hutu ke ratsawa kowace Asabar. Amma mafi munin asarar rayuka a kogunan Arewa ake yinta. A Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja ya tarwatse kusa da Warrah ta Jihar Kebbi da ɗimbin 'yan kasuwa. A ƙarshen Nuwambar wannan shekarar aƙalla mutum 29 suka rasu a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. A daren 1 ga Oktoban 2024 jirgin da ya ɗebo kimanin mutum 300 zuwa Mauludi ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa. Dalilan da ake bayarwa bayan kowane haɗari ba su cika sauyawa ba: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya.

Doka kuwa ta riga ta haramta kusan dukkansu. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta sa rigar kariya, sun hana wuce adadin fasinjoji, kuma NIWA ta daɗe da hana tafiyar dare. A 2025 ma'aikatar Oyetola ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohin da ke bakin ruwa, aka fara daga Minna. Mataki ne mai kyau, amma jirgin Gbajibo guda ɗaya zai cinye 300 daga cikinsu, kuma riga ba ta hana matuƙi tashi bayan isha'i idan babu wanda zai tare shi. Ƙauyukan da ke bakin Neja ba don sha'awa suke cika jirgi ba. Hanyar mota ce babu, jirgin kuma guda ne, ranar kasuwa ɗaya ce a mako.

To ina yawon buɗe ido ya shigo? Shi ne ɓangaren sufurin ruwa da fasinjansa ke da ƙarfin biyan cikakken farashin tsaro. Mutumin da zai yi hayar jirgi zuwa Ilashe ba zai fasa ba don an ƙara masa kuɗin inshora ko na duba lafiyar inji. A kansa za a iya gwada tsarin gaba ɗaya, daga lasisin matuƙi, zuwa kundin fasinjoji, zuwa jirgin ceto mai mai a tankinsa, sannan a ware wani kaso na abin da aka tara don mashigan Neja da Kebbi da Kogi, waɗanda ba za su taɓa iya ɗaukar nauyin kansu ba. Hukuncin 2024 ya buɗe wannan ƙofa, tun da yanzu asusu ɗaya ne ke karɓar harajin rafin Legas da na Kogin Neja. Ko za a bi ta ko kuwa kuɗin zai ƙare a gudanar da ofis, wannan a kasafin kuɗi za a gani.

Ƙasashen da muke sha'awar hotunansu ma ba da sauƙi suka kai inda suke ba. Zanzibar ta yi asarar ɗaruruwan rayuka lokacin da jirgin Spice Islander ya nitse a Satumbar 2011, aka sake wani a Yulin 2012, kafin ta tsananta ƙa'idojin jiragen fasinja. Tun daga Oktoban 2024 kuma duk baƙon da zai shiga sai ya sayi inshorar dala 44. A Thailand, kifewar jirgin Phoenix kusa da Phuket a Yulin 2018 ta kashe 'yan China 47, kuma a watannin da suka biyo baya masu zuwa daga China suka ja baya. Senegal, wadda ƙaramin jirginta ke jigilar baƙi daga Dakar zuwa tsibirin Gorée kullum, ita ce ta ga nitsewar Le Joola a 2002, inda fiye da mutum 1,800 suka rasu. Kasuwar yawon teku ba ta jure mummunan labari. Mu ma mun ɗan ɗanɗana a Afrilun 2024, lokacin da ɗan wasan Nollywood Junior Pope ya nitse a Kogin Neja yana dawowa daga ɗaukar fim, ba ya sanye da rigar kariya. Ƙasar ta yi makonni tana maganar. Mutanen Patigi ba su samu rabin wannan kulawa ba.

Sai batun tsaro, wanda aka samu ci gaba a kansa amma ba a gama ba. Shirin Deep Blue da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Yunin 2021 a ƙarƙashin NIMASA ya taimaka wajen rage fashin teku a mashigin Gini, manyan jiragen kaya suka samu sa'ida. Ƙaramin jirgin fasinja tsakanin Fatakwal da Bonny kuwa ba shi aka tsara shirin ya kare ba, kuma matafiyan wannan hanya sun sha kokawa da 'yan fashin da ke ƙwace inji su bar mutane a tsakiyar ruwa. Babu kamfanin yawon buɗe ido da zai sa irin wannan hanya a jadawalinsa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a tarukan zuba jari. Tsibiran nan da mutane a cikinsu. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay cikin sa'o'i kaɗan, bisa hujjar ana fasa bututun mai a yankin. Cikin waɗanda aka kora har da masu tuƙa baƙi da masu sayar musu da abinci. A Afrilun 2024 kuma aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ya cinye wani sashe na wurin shaƙatawa na Landmark. Ko da an yarda da hujjar gwamnati a duka biyun, saƙon da masunci da mai zuba jari suka karɓa ɗaya ne: bakin teku wuri ne da za a iya tashinka a kowane lokaci. Wanda bai tabbata zai kai shekara biyar a wuri ba, ba zai sayi sabon jirgi ba, zai ci gaba da yi wa tsohon faci.

Mazaunin Abuja da ke son ganin yadda abin yake ba sai ya je Legas ba. Ya leƙa tafkin Jabi ranar Lahadi da yamma, ya tsaya inda ake hawa jirgin shaƙatawa, ya duba ko akwai rigar da ta yi daidai da ƙaramin yaro, ko an rubuta sunan wanda ya hau, sannan ya tambayi matuƙin wace hukuma ce ta ba shi lasisi, da kuma yaushe ta zo duba jirgin na ƙarshe.